Na tuba, amma bashin yana nan: anya Allah ya gafarta mini?

Mai Nadama:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na ɓoye sunana saboda kunya, ku yi mini haƙuri.

Shekara 6 na yi ina riƙe da kuɗin wurin da nake aiki. Ba a taɓa kama ni da kuskure a lissafi ba, har aka daina bin bayana. Sai na fara cacar ƙwallo a waya. Da farko da kuɗin aljihuna ne, ɗan kaɗan. Ranar da na fara ci, ita ce ranar da na shiga uku. Da aka soma cinye ni sai na ce bari in ara daga na ofis, in na ci in mayar kafin ƙarshen wata. Kullum abin da nake gaya wa zuciyata ke nan, aro ne ba sata ba. Wata 11 ina wannan aron. Ranar da masu binciken lissafi suka zo, ina zaune ina kallon hannuna yana rawa a kan tebur, ko biro na kasa riƙewa.

An kore ni. An yarda ba za a kai ni kotu ba in zan riƙa biya duk wata, na sa hannu. Matata ta kwashe yaranmu biyu ta koma wurin iyayenta, domin har kuɗin makarantarsu da ta ba ni ajiya na cinye. Dattawan ikilisiya sun sauke ni daga koyar da matasa, sun sa ni horo.

Na tuba da hawaye. Wata 5 ke nan ban taɓa caca ba. Amma ba abin da ya canja. Bashin yana nan, gidan shiru, in na shiga majami'a sai in ga kamar kowa ƙeyata yake kallo. In da gaske Allah ya gafarta mini, me ya sa har yanzu nake cikin wannan hali? Ko dai bai karɓi tubana ba ne?

Danjuma:
Ɗan'uwa, kada ka karaya! Allahnmu mai mayar da abin da ya ɓace ne. Karanta Yowel 2:25, ya yi alkawari zai mayar da shekarun da fara ta cinye. Ka shiga azumi da addu'a na kwana 3, ka tsaya kan wannan aya. Allah yana iya taɓa zuciyar masu gidan nan su yafe maka bashin gaba ɗaya. Ni na gaskata za ka dawo nan da shaida.

Ishaya:
Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Galatiyawa 6:7 ta ce ba a yi wa Allah ba'a, abin da mutum ya shuka shi zai girba. Wata 11 kana shuka, wata 5 kawai kana girbi har ka fara tambayar Allah? Kuɗin nan na mutane ne. Wataƙila akwai ma'aikatan da aka jinkirta wa albashi saboda kai. Ka yi tunaninsu kafin ka yi tunanin kanka.

Mama Rifkatu:
Ishaya ɗana, ayar da ka kawo gaskiya ce, amma ka koma farkon surar. Aya ta 1 ta ce in an kama mutum da laifi, ku masu ruhaniya ku komo da shi kan hanya da tawali'u, kuna lura da kanku kada ku ma a jarabce ku. Aya ta 2 ta ce ku ɗauki nauyin juna. Bulus ɗaya ne ya rubuta ta 1 da ta 7, a takarda ɗaya. Yaron nan bai zo yana wanke kansa ba, da bakinsa ya ce ya ci amana. Wanda ya faɗi a rijiya yana kiran taimako, igiya ake jefa masa.

Kai kuma Danjuma, ina jin tsoron irin wannan ta'aziyyar. In ya yi azumin kwana 3 bashin bai tafi ba fa? Sai ya ce Allah ya ƙi shi, ka ƙara masa ciwo kan ciwo.

Ishaya:
Mama, na ji. Ban yi nufin tura shi rami ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke saurin rarrashin mai laifi, mu manta da waɗanda aka cuta.

Baba Yohanna:
Ɗana Mai Nadama, tambayarka tsohuwa ce, kuma Littafi Mai Tsarki bai kauce mata ba. Ka buɗe 2 Sama'ila sura 12 ka karanta a hankali.

Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga. Da annabi Natan ya zo masa da misalin matalaucin nan mai 'yar tunkiya ɗaya, Dawuda ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi. Nan take, a aya ta 13, Natan ya gaya masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, ba zai mutu ba. Babu jira, babu lokacin gwaji. Amma a cikin wannan zaman, daga bakin wannan annabin, ya ji cewa takobi ba zai rabu da gidansa ba, kuma yaron da aka haifa zai mutu. Dawuda ya kwanta a ƙasa yana azumi yana roƙo. A rana ta bakwai yaron ya rasu. Daga baya ga fyaɗen da ɗansa Amnon ya yi wa 'yarsa Tamar, ga wani ɗansa Absalom ya kashe Amnon, ga Absalom ya kori ubansa daga Urushalima yana hawan Dutsen Zaitun ba takalmi yana kuka.

To, in muka bi lissafinka, sai mu ce ba a gafarta wa Dawuda ba. Amma Allah da kansa ya ce ya gafarta. Gafara ta gyara tsakaninka da Allah, kuma ta gama aikinta ran da ka tuba, domin Yesu ya riga ya biya wannan a kan gicciye. Romawa 8:1 ba ta da sharaɗin sai ka gama biyan ofis. Bashin kuwa da zuciyar matarka da amincewar dattawa, waɗannan suna tsakaninka da mutane ne, su kuma da lokaci ake gina su, kamar yadda da lokaci aka rushe su.

Abin da nake so ka lura da shi: da yaron ya mutu, Dawuda ya tashi, ya yi wanka, ya sake tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada. Bai ce tunda ba a amsa roƙona ba an yashe ni ba. Kuma daga wannan auren da ya fara da ƙazanta aka haifi Sulemanu, Allah ya aiko Natan ɗin nan dai ya sa masa suna Yedidiya, wato ƙaunataccen Ubangiji. Matiyu ma da yake jera kakannin Yesu bai ɓoye ba, ya rubuta cewa uwar Sulemanu matar Uriya ce.

Amma bari in tambaye ka, domin na ga mutane da yawa a irin halinka. Wani lokaci rashin salamar nan daga Shaiɗan ne mai ƙara, wani lokaci kuwa Ruhu ne yake nuna wani abu da ya rage. Ka faɗi komai da komai? Ko akwai saura?

Mai Nadama:
Baba, na karanta tambayarka na ajiye wayar, na fita na daɗe ina zagaya kafin na dawo.

Akwai saura. Abin da masu bincike suka gano ba shi ne duka ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ɓoye shi a wasu takardun da ba su duba ba. Da aka miƙo mini takardar yarjejeniya na ga adadin da suka rubuta, na san bai cika ba, na yi shiru na sa hannu. Ba wanda ya sani, ko matata, ko Fasto. Na faɗa wa Allah sau ba adadi. Dole ne sai na faɗa musu su ma? In na faɗa suna iya soke yarjejeniyar su kai ni kotu.

Danjuma:
A'a ɗan'uwa, kada ka tono abin da Allah ya binne. Mika 7:19 ta ce yana jefa zunubanmu cikin zurfin teku. Ka furta masa, ya wuce. Kana da yara biyu. In aka ɗaure ka wa zai ci riba? In Allah ya buɗa maka nan gaba sai ka ba da kuɗin ga marayu ko aikin bishara, shi ke nan.

Ishaya:
Danjuma, kuɗin wani za a ba marayu? Ai ba nasa ba ne balle ya yi kyauta da shi. Littafin Firistoci sura 6 ta yi maganar wannan kai tsaye: wanda ya ci amanar ajiya ko ya yi zamba, ya mayar wa mai shi cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, a ranar da zai kawo hadayarsa ta laifi. Mayarwa da hadaya tare suke tafiya. Zakka ma da Yesu ya shiga gidansa a Yariko bai ce tunda an karɓe ni magana ta ƙare ba, ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu.

Amma ɗan'uwa Mai Nadama, na yi maka magana da zafi ɗazu, ka yafe mini. Abin da ka faɗa yanzu ba kowa ne zai iya faɗa ba.

Hannatu:
Ban so yin magana ba, amma zan yi, domin ni na zauna a kujerar da matarka take zaune.

Mijina ba caca ya yi ba, bashi ya ci da sunana ban sani ba. Da abin ya fito ya durƙusa ya yi kuka, ya rantse mini wannan ne duka. Na yafe. Bayan wata 4 ina shara na ga wata takarda a ƙarƙashin katifa, wani bashin daban. Na tuna na zauna a bakin gado da tsintsiyar a hannuna, ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba, jikina ne kawai ya mutu. Kuɗin na biyu bai kai rabin na farko ba, amma shi ne ya kusa kashe auren. Na farko ya nuna mini mijina ya faɗi. Na biyu ya sa na daina gaskata hawayensa, har in ya ce mini ina kwana sai in ji ina shakka.

Ɗan'uwa, matarka tana can tana auna ko za ta iya sake yarda da kai. Duk abin da kake ginawa yanzu a kan wannan ramin kake gina shi. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. In daga bakinka ta ji, za ta ji zafi, amma za ta san mutumin da ke gabanta ya canja, tunda ya faɗi abin da ba wanda ya tilasta masa. In daga bakin wani ta ji, ban san abin da zai rage ba.

Mu Allah ya taimake mu, muna tare har yau. Amma sai da na yi fiye da shekara 2 kafin na daina binciken aljihunsa. Kada ka matsa mata ta dawo da wuri, kuma kada ka aika mata ayoyin gafara. Ta san su. Ka bar ta ta ga rayuwarka.

Mama Rifkatu:
Hannatu 'yata, Ubangiji ya sa miki albarka da kika buɗe wannan ciwon don wani ya warke.

Danjuma:
Na ji maganar 'yar'uwa Hannatu, ta taɓa ni. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: in aka kai shi kurkuku fa? Mu da muke ba da shawara muna gidajenmu za mu kwana. Shi ne zai sha.

Baba Yohanna:
Danjuma, tambayarka tana da nauyi, kuma ba zan yi masa alkawarin da Allah bai yi ba. Yana yiwuwa su ji tausayinsa, yana yiwuwa su kai shi gaban shari'a. Ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu ya ce su kam sakamakon aikinsu suke karɓa daidai. Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar, amma bai sauko da shi daga gicciyen ba.

Sai dai ka dubi inda ɗan'uwanmu yake yanzu. Ka ce mu bar shi cikin 'yanci, shi kuwa ya gaya mana wata 5 ba shi da salama. Dawuda ya kwatanta wannan a Zabura 32: sa'ad da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace, dare da rana hannun Allah ya yi masa nauyi. Duk ranar da wayarsa ta yi ƙara da baƙuwar lamba gabansa zai faɗi. Haka za a yi shekara 10?

Yakubu ya cuci wansa Isuwa ya gudu, ya yi shekara 20 a wurin kawunsa Laban. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tara dukiya, amma da Allah ya ce ya koma gida, hanyar ta bi ta gaban Isuwa ne, ba wata. Aka gaya masa wansa yana zuwa da mutum 400. Ya ji tsoro ƙwarai, ya raba mutanensa da dabbobinsa kashi biyu, ya aika kyautar dabbobi garke bayan garke, ya kwana shi kaɗai a bakin rafin Yabbok yana kokawa har asuba. A wannan daren, ana gobe zai fuskanci wanda ya cuta, aka tambaye shi sunansa, ya faɗi na gaskiya, shi da ya taɓa ce wa ubansa makaho shi ne Isuwa. A nan aka sa masa sabon suna Isra'ila. Ya tashi yana ɗingishi, ya rusuna har sau 7, Isuwa ya rugo ya rungume shi suna kuka. Ban ce kowane Isuwa zai rungumi mutum ba. Na ce albarkar da Yakubu ya daɗe yana nema da wayo, a kan hanyar komawa ya same ta.

Yowel ɗin da ka kawo ma, ka karanta daga aya ta 12. Kafin maganar mayar da shekaru, an ce a komo ga Ubangiji da zuciya ɗaya, a yayyage zuciya ba tufafi ba.

Saratu:
Na yarda da Baba, amma a yi abin da hankali. Faɗin gaskiya bai hana shiri ba. Ɗan'uwa, kafin ka je, ka zauna ka rubuta ainihin adadin da ranakun, kada ka je da "kusan". Ka nemi lauya ya duba yarjejeniyar da ka sa wa hannu, ya gaya maka matsayinka da yadda ya fi dacewa a gabatar da maganar. Ka tafi da tsarin biya a rubuce, wanda za ka iya cikawa, ko da kaɗan-kaɗan ne. Kuma kada ka je kai kaɗai.

Da Bulus zai mayar da bawan nan Onisimas wurin ubangidansa Filimon, bai tura shi hannu wofi ba. Ya haɗa shi da wasiƙa, ya kira shi ɗansa, har ya ce in akwai bashi a kansa a ɗora a kan Bulus ɗin. Wannan aikin ikilisiya ne. Horo ba kora ba ne. Su dattawan da suka sa ka horo, nauyinsu ne su raka ka. A 2 Korantiyawa sura 2 Bulus ya gargaɗi ikilisiya ta gafarta wa wanda aka hora, ta ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Bitrus:
Ni ta gefen cacar zan yi magana, domin na sha ta shekara 3. Ɗan'uwa, wata 5 abin godiya ne, amma lokacin da ya fi haɗari shi ne wannan da kake shiga. In matsi ya yi yawa wata murya za ta ce maka wasa ɗaya kawai, ka ci ka biya su duka ka huta. Muryar da ta kai ka nan ce, ta sake riga. Ni sai da na goge manhajojin, na rufe asusun cacar, na miƙa wa ƙanena katin bankina, shi yake ba ni abin da zan kashe a mako. Na daina kallon ƙwallo gaba ɗaya har shekara guda, domin ina ganin wasa sai in fara lissafi a kai. Ka samu mutum ɗaya da za ka iya kira ko tsakar dare ne.

Akwai abin da ya riƙe ni a lokacin. Mai sunana ya yi musun Yesu sau 3 yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist. Bayan tashin Ubangiji, a bakin teku, Yahaya ya rubuta cewa wutar gawayi suka tarar ya hura. A gaban irin wutar da ya faɗi, a nan Yesu ya tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunarsa, har Bitrus ya ji zafin ta ukun. Sa'an nan ya ce masa ya yi kiwon tumakinsa. Bai kauce wa wurin ciwon ba, kuma bai bar shi a can ba. Koyar da matasan da aka karɓe maka, kada ka ɗauka ya tafi har abada. Markus ma ya gudu ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya, har suka rabu a kansa, amma a ƙarshen rayuwarsa Bulus ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi.

Danjuma:
To, na sauko. Tsoro nake ji masa, shi ya sa. Ɗan'uwa, duk ranar da za ka je ka sanar da mu, ni zan yi azumin a madadinka.

Mai Nadama:
Na gode muku duka. Na karanta kowace magana fiye da sau ɗaya. Gobe zan fara da Fasto.

Mai Nadama:
'Yan'uwa, yau kwana 12 da rubutuna na ƙarshe. Na gaya wa Fasto. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya kama hannuna ya yi addu'a, ya ce shi da dattijo ɗaya za su raka ni. Na ga lauya kamar yadda 'yar'uwa Saratu ta ce. Shekaranjiya muka je.

Shugaban wurin ya karanta takardar da na rubuta sau biyu, ya cire tabarau ya ajiye, ya tambaye ni wa ya tona ni. Na ce ba kowa. Ya yi fushi sosai, ya faɗi maganganu masu zafi, kuma ya yi daidai. Ya ce ba shi kaɗai zai yanke hukunci ba, sai sun zauna, za su kira ni nan da mako biyu. Ban san abin da za su ce ba.

Daga can na wuce wurin matata na gaya mata komai a gaban mahaifinta. Ta yi kuka, ta tashi ta shiga ɗaki ba ta ce mini uffan ba. Ina shirin tafiya sai ƙaramin ɗana ya fito da gudu ya riƙe ƙafata, ya ce mamarsa ta ce a tambaye ni ko zan iya zuwa ranar Asabar in duba musu aikin makaranta.

Daren nan na yi barci har gari ya waye, rabona da haka na manta. Katin bankina yana hannun dattijon da ya raka ni. Ina neman aiki, kowane iri ne, ko na ƙarfi. Ku ci gaba da yi mini addu'a saboda zaman da za su yi.

Hannatu:
Ka je ranar Asabar, ka isa kafin lokaci. Ka duba aikin yaran, ka gaishe ta, kada ka tambaye ta yaushe za ta dawo.

Baba Yohanna:
Muna tare da kai, ɗana. Ranar da za su kira ka, ka faɗa mana da sassafe.